Tafiyar Farko Zuwa Karibiyan: Yadda Ango da Amarya Za Su Zaɓi Tsibiri da Otal Daga Akra

Aikina yankar tikitin jirgi a unguwar Nima da ke Akra. Yawancin masu shigo mini 'yan Umra ne da fataken Dubai da Caina, amma 'yan shekarun nan sai ka ga ango ya shigo da hoto a waya, ruwa shuɗi tas, yashi fari fat, ya ce, "Alhaji, nan nake son kai amarya." Nakan ce masa ya mayar da wayar aljihu tukuna, ya miƙo mini fasfonsa da nata. Mutumin Ghana ba da hoto yake fara zaɓen tsibiri ba, da bizar da ke cikin fasfo yake farawa.

Ga dalili. Tsibiran kansu ba su cika tare mu a ƙofa ba. Barbados da Jamaika da Giranada duk suna karɓar mai fasfon Ghana ba tare da biza ba, kuma Barbados har ofishin jakadanci ta buɗe a nan Akra. Hanyar ce mai cizo. Galibi sai an bi ta Landan, ko Amsterdam, ko Amurka, kuma kowace tana da nata sharaɗi ko da ba za ku fita daga filin jirgi ba. Ingila tana neman bizar wucewa daga ɗan Ghana. Ƙasashen Shengen na Turai, inda Amsterdam take, su ma haka, sunanmu na cikin jerin waɗanda sai da ita. Amurka kuwa ba ta san wani abu wai wucewa kawai ba, wanda ya sauka a Niyok ya shiga ƙasa ke nan. Wanda ke da bizar Amurka ko ta Kanada mai rai ya huta, don tana ɗauke masa bizar wucewar Landan da ta Amsterdam muddin bai fita waje ba. Amma a kula, dukanku biyu ne ke bukatarta. Bizar ango ba ta rufe amarya.

Akwai wani tarko a Landan da nake son kowa ya riƙe. Wasu jiragen Karibiyan daga filin jirgin Heathrow suke tashi, wasu daga na Gatwick, tsakaninsu tafiyar mota ce ta kusan awa ɗaya in hanya ta yi kyau. In jirginku ya sauke ku a ɗaya, na gaba kuma yana ɗayan, to dole ku bi ta wurin jami'an shige da fice, kuma wannan wata biza ce dabam. Kafin ku biya ko sisi, ku duba sunan filin jirgin a kan kowane layi na tikitin. Daga Akra zuwa Landan kusan awa 7 ne, daga Landan zuwa Barbados kusan awa 9. Saboda haka mai hutun kwana biyar ya haƙura ya nemi wani wuri. Ni ba na yanka wa ma'aurata wannan tikiti in ba za su yi mako cur a can ba.

Sai katin rigakafin shawara. Ghana na cikin ƙasashen da ake lissafawa da cutar, kuma tsibiran suna tambaya. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, daga nan kuma har ƙarshen rayuwa. Amaryar da ba ta taɓa fita ba ta je ta yi tun kafin hidimar biki ta rufe ta.

Lokaci kuwa, kakar guguwa daga 1 ga Yuni take zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi zafi daga Agusta zuwa Oktoba. Ba wasa ba ce: a Yulin 2024 guguwar Beryl ta ragargaza Kariyaku, ƙaramin tsibirin Giranada. Daga tsakiyar Disamba zuwa Afrilu sama garau take, amma a lokacin ne Turawa ke gudo wa sanyi, kuɗin ɗaki ya haura sama. Ni Mayu na fi so, ko ƙarshen Afrilu, cunkoso ya ragu, farashi ya sauko. In dole sai a damina, Aruba da Kurasawo suna can kudu kusa da Benezuwela, guguwa ba ta cika bi ta kansu ba, sai dai su na Holan ne, da nasu ƙa'idar shiga. Kuma a sayi inshorar tafiya wadda ta ambaci guguwa da baki.

To, wane tsibiri? In tafiyar farko ce, kuma ku masu salla ne masu duba abin da za su sa a baki, ni Barbados nake cewa. Can muka sauka da matata Hajiya, kuma abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba a tsare muke cikin katangar otal ba. Tsibirin ƙarami ne, ana jin Turanci, kuɗinsu dala 2 ne a dalar Amurka 1, lissafi ba ya ba da wahala. A Bridgetown akwai tsohuwar al'ummar Musulmi, yawanci jikokin 'yan Gujarat na Indiya, da masallacin Juma'a a Kensington New Road, kuma in ka yi tambaya a can za a nuna maka inda ake samun naman yanka. Ranar Juma'a da dare a je Oistins, inda ake gasa kifi a fili ana kiɗa. Abincinsu na ƙasa garin masara ne aka tuƙa da kuɓewa, a ci da kifi mai tashi. Hajiya ta kai loma ɗaya ta ce wannan ai ɗan'uwan tuwonmu ne.

Amma a Barbados ɓangaren da otal yake shi ne komai. Manyan otal-otal irin Sandy Lane da Coral Reef Club da Cobblers Cove a yamma suke, inda ruwa ke kwance luf, wanda bai iya iyo ba ma zai shiga har ƙugu. Gabas, wajen Bathsheba, tekun Atilantika ce mai haushi, ta kallo ce kawai. Kuma ta gabas ɗin ne ciyawar tekun nan mai ruwan ƙasa ke tararowa, wadda tun 2011 ta addabi Karibiyan, ita ce kuma masuntanmu na wajen Axim ke kuka da ita. In ta ruɓe a yashi wari take kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A kowane tsibiri, ku buɗe taswira ku ga ina otal ɗin ya fuskanta. Wani abu kuma: duk bakin teku a Barbados na jama'a ne, tsadar otal ba ta hana kowa wucewa ta gabanku.

Wannan ya kawo ni ga Sant Lusiya, wadda nake nuna wa waɗanda sirri ya fi komai a wurinsu. A kudu maso yamma, kusa da garin Soufrière, duwatsun Piton guda biyu sun miƙe daga cikin teku. Otal-otal irin Jade Mountain da Ladera sun gina ɗakuna masu bango uku, na huɗun a buɗe yana kallon duwatsun, da ɗan wurin iyo a cikin ɗakin. Ga mace mai hijabi wadda ba za ta shiga ruwa a gaban maza ba, wannan shi ne abin da ya cancanci kuɗinsa, ya fi marmara da fitilun ado nesa ba kusa ba. Sai dai a san abin da ake saye. Ɗaki mai bango uku galibi ba na'urar sanyaya ɗaki, fanka ce da gidan sauro, tsuntsu na iya saukowa kan tiren karin kumallo. Ladera a kan tudu take, sai an ɗauke ku a mota zuwa bakin ruwa. Yashin yankin baƙi-baƙi ne na dutse mai aman wuta, in ban da na Sugar Beach. Akwai matakala da yawa, hanyoyin kuma lanƙwasa ne bayan lanƙwasa. Mai jin jiri a mota ya nemi otal na kudu, kusa da babban filin jirgin Hewanorra, kada ya ɗauki na arewa wajen Rodney Bay.

Jamaika ta masu son hayaniya da tarihi ce. Negril na da dogon farin yashi, Ocho Rios na da ruwan Dunn's River da ake hawa ana riƙe hannun juna, kuma mutumin Kumasi zai ji wani iri in ya ji sunayen shugabannin bayin da suka gudu duwatsu, Cudjoe da Accompong, waɗanda suka sa Ingila zaman sulhu a 1739. Sai dai tsibirin babba ne, yawancin baƙi a cikin otal suke wuni.

Yanzu maganar da takan jawo mini musu da abokan sana'a: tsarin biyan dunƙule, inda kuɗin ɗaki ya haɗa ci da sha duka, irin na otal-otal ɗin Sandals da makamantansu. Ga wanda ke shan giya riba ce. Ga ni da kai, wani kaso na kuɗin na barasar da ba za mu taɓa ba ne, mu ke biya wa na teburin gefe. Na fi son ɗaki da karin kumallo kawai, a ci abincin dare inda rai ke so. In otal ɗin yana can wani lungu da ba gidan abinci kusa, to a nan dunƙulen na da ma'ana. Haka kuma otal ɗin da ya ce na manya ne zalla, a bincika me yake nufi. Wasu yara kawai suka hana, wasu kuwa suna da ɓangaren da ake zama tsirara.

Kafin biya, a rubuta wa otal ɗin wasiƙa ta imel, kada a dogara da shafin talla. A tambaye su ko ana hango wurin iyon ɗakin daga hanya ko daga barandar maƙwabta. A gaya musu ba ku cin alade, ba ku son giya a girki, domin can giyar rake na shiga kek da miya ba tare da an faɗa ba. A tambaya ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima, don waɗannan kan zo a ƙarshe su kumbura lissafi. Otal ɗin da ya amsa dalla-dalla cikin kwana ɗaya ko biyu, haka zai kula da ku in kun iso. In kuna son kyautar amarci da wasu ke bayarwa, ku ɗauki takardar aure mai sunayenku kamar yadda suke a fasfo, kuma a yanka tikitin amarya da sunan da ke fasfonta, ba sunan miji ba.

Wajen haɗa kaya, duk wani tufafi mai zanen kakin soja a bar shi gida, ko hula ce, ko jaka. Barbados da Jamaika da Sant Lusiya duk sun haramta wa farar hula. Cajar wayarku mai baki uku za ta shiga soket a Sant Lusiya da Giranada, amma Barbados da Jamaika irin na Amurka suke amfani da shi, sai da mahaɗi. A sanar da banki kafin tashi don kada kati ya ƙi aiki a teburin karɓar baƙi. Barbados tana bayanmu da awa 4, Jamaika da awa 5, don haka a gaya wa iyaye a gida, in sun kira bayan sallar asuba, can tsakar dare ne.