Yadda Za Ka Kare Dukiyarka ta Kirifto Daga 'Yan Kutse

Tun da Notcoin ta fashe a watan Mayun 2024, aka biyo baya da Hamster Kombat, sannan Pi ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025, dukkansu kuɗaɗen intanet (kirifto) da ake tarawa ta waya, da wuya ka zauna a wata majalisar matasa a Samaru ko Kongo ko Tudun Wada a Zariya ba ka tarar da mai walat, wato manhajar ajiye kirifto, a wayarsa ba. Yawancinsu sun ƙware a tara koyin, amma ƙalilan ne suka tsaya suka koyi tsare shi. A yawancin manyan sace-sacen da suka girgiza wannan harka, ba fasahar bulokcen, wato kundin intanet da ke rubuta kowane cinikin kirifto, ɓarayi suka fasa ba. Mabuɗi suka sace, wato sirrin da ke ba mutum ikon fitar da kuɗi daga walat, ko kuma suka yaudari mai mabuɗin ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba.

Abin da ya sami wasan Axie Infinity ya isa misali. Kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam ya gina wa wasan wata hanyar shigar da kuɗi da fitar da su mai suna Ronin, wadda ke da mabuɗai tara, kuma sai biyar daga cikinsu sun amince kafin kuɗi su fita. A ranar 23 ga Maris 2022 'yan kutse suka mallaki biyar ɗin, suka kwashe koyin ɗin Ethereum 173,600 da na USDC miliyan 25.5, abin da darajarsa ta haura dala miliyan 600, kuma sai bayan kwana shida aka farga, lokacin da wani ya nemi cire kuɗinsa ya kasa. Hukumar FBI ta Amurka ta ɗora alhakin a kan ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa, rahotanni kuma sun nuna cewa ta hannun wani injiniyan kamfanin aka shiga, bayan an ruɗe shi da tayin aikin bogi ya buɗe wata takarda a kwamfutarsa. Idan haka ta faru da ƙwararre, mai latsa duk linkin da aka turo a Telegram sai ya yi karatun ta natsu.

Matakin farko shi ne ka bambance kuɗin da ke hannunka da wanda ka ba wani ajiya. Duk abin da ka bari a kasuwar musaya, wato kamfanin da ake saye da sayar da kirifto a shafinsa, mabuɗinsa yana wurin kamfanin, kai lamba kawai kake gani a fuskar waya. Kasuwar Mt. Gox ta birnin Tokiyo ta durƙushe a 2014 bayan ɓacewar bitkoyin kusan 850,000, kuma sai a 2024 aka fara biyan masu ajiya wani ɓangare na haƙƙinsu. A Fabrairun 2025 an sace wa kasuwar Bybit kimanin dala biliyan 1.5; ita ta iya cike giɓin, amma ba kowane kamfani ke da wannan ƙarfi ba, kamar yadda abokan cinikin kasuwar Patricia a nan Nijeriya suka gani lokacin da ta dakatar da cire kuɗi a 2023 bayan ta sanar cewa an yi mata kutse. Inshorar hukumar NDIC ta kuɗin ajiyar banki ce, ba ta shafi kirifto ba. Saboda haka ka bar wa kasuwa abin da kake juyawa kawai, sauran ka mayar da shi walat ɗin da kai kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa, kamar yadda ɗan kasuwar Sabon Gari ba ya barin jarinsa duka ya kwana a cikin akwatin shago.

Wannan mabuɗi kuwa shi ne kalmomin nan 12 ko 24 da walat ke nuna maka ranar da ka buɗe shi, kuma duk wanda ya same su ya sami dukiyar, ko da bai taɓa ganin wayarka ba. Ka rubuta su da biro a takarda, a jere yadda suka zo, ka yi kwafi biyu, ka adana a wurare daban-daban inda ruwa da gara ba za su kai ba. Kada ka ɗauki hotonsu, kada kuma ka tura wa kanka su ta WhatsApp ko imel. Ka tuna cewa ranar da gilashin wayarka ya fashe ka kai ta wajen gyara a PZ, abu na farko da mai gyara zai nema shi ne lambar buɗe ta domin ya gwada aikinsa. Ko da shi mai amana ne, wayar za ta yini a kan tebur tana wucewa ta hannaye da yawa. Kafin ka miƙa ta, ka tabbatar takardarka tana nan lafiya, sannan ka goge manhajar walat ɗin. Babu ma'aikacin Pi ko na Trust Wallet ko na wata kasuwa da zai nemi waɗannan kalmomi don tantancewa ko gyaran asusu, kuma duk wanda ya nema ɓarawo ne. Akwai kuma batun da ake jin nauyin faɗa, wato gado: idan babu amintacce ɗaya da ya san inda takardar take, ranar da ta Allah ta kasance magada ba za su ga ko sisi ba.

Ga masu wasanni da neman kyautar koyin, shawara mafi amfani ita ce a buɗe walat na daban wanda ba a ajiye komai a cikinsa sai 'yan kuɗin biyan cajin aiki. Dalili shi ne, idan ka haɗa walat da wani shafi ka latsa amincewa, sau da yawa izini kake ba shi ya ɗebi wani nau'in koyin daga asusunka ba tare da iyaka ba, kuma izinin yana nan daram ko bayan ka daina wasan. Ka karanta abin da walat ya nuno kafin ka amince, ka kuma riƙa soke tsofaffin izini lokaci zuwa lokaci ta shafi irin Revoke.cash. Manhaja kuwa daga shafin kamfanin na asali ake sauke ta, ba daga fayil ɗin da wani ya jefo a zauren Telegram ba.

Asusunka na kasuwa yana buƙatar kalmar sirri wadda ba ka amfani da ita a wani wuri, da kuma tabbaci na biyu ta manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes, domin wanda ya yi wa layinka welkam-bak da takardun bogi shi zai riƙa karɓar lambobin. Idan za ka tura kuɗi mai yawa, ka fara tura kaɗan ka ga ya isa, ka kuma duba adireshin gaba ɗayansa, saboda ɓarayi kan ƙirƙiri adireshi mai kama da naka a farko da ƙarshe, su turo maka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da fatan wata rana za ka kwafe shi daga tarihin cinikinka.

Idan kuma ɓarna ta riga ta auku, gaggawa ita ce gaba da komai. Ka buɗe sabon walat a wata waya mai tsabta, ka kwashe abin da ya rage zuwa cikinsa, kada ka sake amfani da tsohon har abada. Ka adana lambar shaidar cinikin da adireshin da kuɗin suka tafi, ka sanar da kasuwar da abin ya shafa, domin takan iya daskarar da asusun ɓarawo idan kuɗin sun shigo hannunta, sannan ka kai ƙorafi ofishin EFCC na shiyyar Kaduna. Da zarar ka bayyana asararka a intanet, wasu za su turo saƙo cewa su ƙwararru ne a dawo da kuɗin da aka sace, su nemi kafin alƙalami. Cinikin da ya riga ya shiga bulokcen ba ya warwaruwa, don haka kada ka tura musu komai, ka toshe su, ka haɗa lambobinsu cikin ƙorafin da za ka kai.