Yadda Ake Shirya Ƙaramin Babur Domin Doguwar Tafiya da Kayan Ƙirar Gida

Baburan da aka ƙera musamman domin ratsa kwalta da jeji, irin su BMW GS da Africa Twin na Honda da Ténéré na Yamaha, ana samun akwatunansu da garkuwar injinsu a shirye, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Shi na Yamahar ma sunan hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar aka sa masa da ya fito a 1983, saboda tseren Faris zuwa Dakar da yake ratsawa ta can a wancan lokacin. Mu a Gombe abin da ke hannunmu shi ne Boxer da TVS da Haojue da Jincheng, masu inji daga cc 100 zuwa 150, kuma waɗannan ɗin suna iya kai mutum Tula ko Nafada, har ma Gembu a kan tsaunin Mambila, matuƙar an shirya su da hankali. Mai walda da mai ɗinkin kujera da mai facin unguwa sun isa su yi kusan duk aikin, amma dole mai babur ya san abin da yake so, ya kuma tsaya a kansu har a gama.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce kada a yi walda a jikin firam ɗin babur. Duk abin da za a ƙara a ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya riga ya huda. Ƙarfen firam, musamman na ƙarƙashin kujera, siriri ne, zafin walda yana raunana gefen wurin da aka narka, jijjigar hanya mai gargada kuma a daidai nan take tsaga shi bayan wasu watanni. Abin da aka ɗaure da noti kuwa ana iya kunce shi a miƙa wa mai walda a kowane ƙauye, kuma idan babur ya faɗi shi ne zai lanƙwashe ya bar firam lafiya. Mai walda zai ce, “Oga, bari in ɗan taɓa shi nan kawai, ya fi ƙarfi,” kuma gaskiya ne ya fi ƙarfi a ranar, amma amsar ita ce a'a.

Aikin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci shi ne ƙarfen rataya kaya a gefe biyu na tayar baya. Kariyar da babur ke zuwa da ita, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan kujera, tana sama ne kuma can baya, kuma idan aka jibga mata kaya tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a kwana, a hawa mai tsayi irin na Mayo Selbe kuwa har ya nemi ɗagawa. Ana so nauyi ya sauko ƙasa, ya kuma zauna daidai tsakiyar tayar baya ko ɗan gabanta. A nemi bututun ƙarfe mai faɗin milimita 16 zuwa 18, kaurin jikinsa milimita 1.5 zuwa 2. Masu walda sun fi saurin ɗauko rodi domin shi ne a yashe a shago, amma mita ɗaya na rodi mai milimita 12 ya kusa giram 900, yayin da bututu mai faɗin milimita 16 da kaurin 1.5 bai wuce giram 500 da 'yan kai ba, kuma duk da haka bututun ya fi shi ƙin lanƙwasa.

Kafin a yanka ƙarfe, a yanka kwali daidai girman jakar da za a rataya, a ɗora shi a gefen babur, mai babur ya hau ya sauke ƙafa ƙasa ya kuma taka kik, a ga ko dunduniyarsa tana bugun kwalin. Idan tana bugu, a ja kwalin baya kaɗan kaɗan har ta daina, a yi masa alama da alli, sai a bi wannan siffar a lanƙwasa bututun ya zama murabba'i mai zagayayyun kusurwoyi. Kowane gefe yana buƙatar maɗauri uku: ɗaya a notin kariya, ɗaya a wurin matakin ƙafar fasinja, ɗaya kuma kusa da saman shokozoba. Sannan a haɗa gefen dama da na hagu da wani bututun da zai zagaya ta bayan taya, ƙarƙashin lamba. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa da shi, alhali in babu shi jakunkuna suna lilo ne su matso cikin taya duk lokacin da aka faɗa rami.

Akwai gwajin da ba a tsallakewa. Bayan an ɗiɗɗiga walda, kafin a cike ta, mutum biyu masu jiki su hau su danna babur da ƙarfi har shokozoba ta kai ƙarshenta, na uku ya durƙusa a baya yana duba tazarar ƙarfen da taya, da sarƙa, da hannun birkin baya. Wurin da yatsu biyu ke shiga sa'ad da babur yake tsaye ba kowa a kai, yakan rufe ruf idan ya nutse. A gefen salansa a bar aƙalla santimita 5, a kuma sa farantin alminiyam a tsakani wanda bai manne wa salansar ba, domin iskar da ke ratsa tsakaninsu ce ke tare zafin. Ita ɗiga waldar, idan dole ne a yi ta ƙarfen yana jikin babur, to a cire tanki a kai shi nesa, a kunce batir, a zare wayar akwatin si-di-ai (ƙaramin akwatin da ke sarrafa wutar fulogi), a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin sabon ƙarfen kusa da inda ake aiki. Cikon walda a ƙasa ake yin sa bayan an kunce. Daga nan sai goge tsatsa, jan fenti na share fage, sannan baƙi.

Game da abin da za a rataya, ni na fi son jakar tamfol a kan akwatin ƙarfe. Mai ɗinkin kujerun mota zai ɗinka ta da baki mai tsawo wanda ake naɗewa sau uku a ɗaure, ruwa ba ya shiga, kuma idan aka faɗi a rairayi ƙafa ta shiga ƙarƙashinta ba ta karya ƙashi yadda kusurwar akwati ke yi. Wanda yake son abu mai tauri ya samo jarkar man girki mai lita 20, ya wanke ta, ya yanke samanta ya mai da shi murfi, ya sa farantin ƙarfe ko katako daga ciki inda noti zai ratsa, domin in ba haka ba kan notin yakan yage robar. Kilo 7 ko 8 a kowane gefe ya wadatar, kuma a auna su a sikeli su zo daidai. Kayan nauyi a ƙasa, tabarma da bargo da sauran marasa nauyi a kan kariya. Igiyar ɗauri kuwa babu kamar tsohon tub na mota da aka yanka shi dogo, faɗin yatsu biyu, sai dai a cusa bakinta da kyau, domin wutsiyar roba da ta shiga sarƙa tana iya kulle taya ana tsakiyar gudu. Lamba da fitilar baya da sigina su kasance a fili, saboda na bayanka da kuma jami'an kiyaye haɗurra.

Garkuwar ƙarƙashin inji tana da amfani ga mai bin hanyar duwatsu irin ta yankin Tula, amma mai bin kwalta zalla ba ya buƙatarta. Alminiyam mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ya isa, ko farantin ƙarfe mai milimita 2. A lanƙwasa gabansa sama, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da inji, a huda rami daidai notin juye baƙin mai da wasu ramukan da laka za ta zube. Injinan nan iska ce ke sanyaya su, saboda haka garkuwar da ta rufe gaban silinda ta jawo matsalar da ta fi wadda ta magance, musamman a zafin watan Maris da Afirilu.

Jarkar fetur mai lita 5 ta ishi ƙaramin babur a matsayin guzuri, kuma man da ke cikinta bai kai kilo 4 ba. A yi mata ɗan kwando a gefen da babu salansa, a shimfiɗa roba a ƙasansa don kada goga ta huda ta, kada kuma a cika ta fal domin fetur yana kumbura a rana. Gorar ruwa ba mazubin fetur ba ce. A kuma tambayi dokar jihar da za a shiga, tunda a 2021 Zamfara da Katsina sun hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, kuma irin wannan doka tana iya sa a tsare matafiyi a shinge.

Wuta ita ce inda aikin gida ya fi ɓaci. Batirin babur volt 12 ne, kuma abin da koyil ɗin ƙaramin inji ke samarwa kaɗan ne ya rage bayan fitila da sigina da hon sun ɗauki nasu. Lissafin mai sauƙi ne: a raba wat da 12 a samu amfiya. Fitilar LED mai wat 10 tana jan ƙasa da amfiya ɗaya, guda biyu kuma wajen 1.7, cajar waya ba ta kai haka ba. Wannan babur zai iya ɗauka, amma manyan fitilun mota da wasu ke ɗaurawa suna shanye batir ne a hankali har a wayi gari sitata ba ta motsi. A ja sabuwar waya daga batir, a sa fis mai amfiya 5 a kusa da kan batirin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, domin fis ɗin da ke can ƙarshen waya bai kare tsawon da ke bayansa ba. A bi da wutar ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa, wanda makulli ke kunnawa, yadda komai zai mutu idan an zare makulli, saboda caja tana tsotsar wuta ko babu waya a jikinta. A yawancin ƙananan babura fitilar gaba kai tsaye daga koyil take shan wuta, wutar kuma tana hawa da sauka da totur, don haka ba a jona caja a wayarta. Haɗin waya a yi shi da dalma a rufe, kada a murɗa da hannu a naɗe da salatif, wanda zafi ke saki cikin mako kaɗan. A wuyan babur a bar wa waya sarari, a juya kai dama da hagu har ƙarshe a tabbatar ba ta ɗamewa. Ƙarin fitilun kuma a sunkuyar da su ƙasa, kada su kashe wa mai tahowa ido.

Kayan gyara suna da nauyi, kuma wurinsu mafi kyau shi ne guntun bututun roba na masu aikin famfo, mai inci 4, tsawon kamu ɗaya da rabi, a liƙe gefe ɗaya a sa murfi mai murɗawa a ɗayan, a ɗaure shi cikin ƙarfen kaya a gefen da babu salansa. Sifanu 8 da 10 da 12 da 14 da na notin taya, da filaya, da sukudireba, da sifanar fulogi da sabon fulogi, da ƙarfen cire taya biyu, da kayan faci, da mahaɗin sarƙa, duk za su shiga idan an naɗe su a tsumma don kada su yi ta ƙara. Sabuwar wayar kuloci kuwa a shimfiɗa ta tun daga gida a gefen tsohuwar, a toshe bakinta da giris da leda, ranar da tsohuwar ta tsinke sai a sauya kawuna kawai.

Kujera a kai wa mai ɗinki ya faɗaɗa ta ya sa soso mai tauri, da laushi siriri a sama, domin soso mai laushi zalla yana nutsewa ne bayan awa ɗaya a koma zama a kan faranti. Garkuwar hannu daga robar jarka tana tare ƙaya da sanyin hunturu, muddin ba ta taɓa hannun birki. Gilashin tare iska na ƙirar gida ban ga amfaninsa a babur da ba kasafai yake wuce kilomita 80 a awa ba, ga shi kuma yana iya yanka mutum a faɗuwa.

Mai niyyar hawa Mambila, ta Kaltungo da Numan da Jalingo da Bali da Serti, ya yi tunanin sufuroket, wato faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa. Tudun ya kai kimanin mita 1,600, iska ta fi siranta a can, injin kafireta kuma yana rasa ƙarfi a daidai inda ake neman sa. Rage haƙori ɗaya a sufuroket na gaba, misali daga 14 zuwa 13, yana ƙara ƙarfin ja da kusan kashi 8 cikin 100, ya rage gudu da kwatankwacin haka. A riƙe na asalin a cikin kayan gyara domin dawowa.

Idan an gama haɗa komai, kowane noti ya samu washa mai tsalle ko noti mai roba a ciki, sannan a ja layin farin fenti daga kan notin zuwa ƙarfen da yake kai, yadda kallo ɗaya zai nuna wanda ya juya. A loda kayan tafiyar gaba ɗaya, a ɗaga shokozoba zuwa matakinta mai tauri, a ƙara wa tayar baya iska gwargwadon abin da littafin babur ya faɗa na ɗaukar fasinja, a duba sakin sarƙa mutum yana zaune a kai, wanda a yawancin waɗannan babura santimita 2 zuwa 3 ne. Zuwa Dadin Kowa da dawowa, wajen kilomita 40 kowace fuska, tare da ɗan ratsewa a hanyar burji, ya isa gwaji. A dawo a bi layukan fenti ɗaya bayan ɗaya, a shafa jakar gefen salansa a ji zafinta, a kuma duba bakin kowace walda da tocila, domin tsaga takan fara ne kamar silin gashi a cikin fenti. Wadda aka gani a haka a kunce ƙarfen a mayar wa mai walda ya ƙara mata ɗan faranti mai kusurwa uku, sannan a sake gwajin kafin a sa ranar tafiya.