Kurakuran da muke tafkawa in za mu kai iyali kurmi

Duk bayan Sallah sai an samu wani a nan unguwar Aboabo ta Kumasi ya cika mota da mata da yara sun nufi Kakum, kurmin nan da gwamnati ta keɓe a kudancin Ghana, su dawo tsakar dare a galabaice, ana cewa ba a ga komai ba sai itatuwa. Na gaji da jin wannan ƙorafi, don laifin ba na kurmin ba ne.

Da farko, tashi a makare. Daga Kumasi sai ka bi ta Assin Fosu ka gangara har Cape Coast, sannan ka juya arewa kamar kilomita 30. In ka tsaya sai an gama wanka da shirin kowa, rana ta take kafin ka isa, ga motocin 'yan makaranta sun riga ka, tsuntsaye sun yi shiru. Ni yanzu a Cape Coast muke kwana, muna idar da sallar asuba mu kama hanya.

Amma kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne tilasta wa yaro hawa gadar igiya. Gadar nan da aka buɗe a 1995 guda bakwai ce a haɗe, tsawonta kusan mita 350, a rataye tsakanin manyan itatuwa, mita 30 ko fiye daga ƙasa. Katako ne siriri, faɗinsa na mutum ɗaya, da raga dama da hagu, kuma duk wanda ya taka sai ta yi lilo. 'Yar autata tana da shekara bakwai lokacin. Tun a bakin gada ta riƙe mini riga ta ce, "Baba, ni dai a ƙasa zan jira." Na ce mata kuɗi na biya, ga yayyenta sun wuce, kada ta ba ni kunya. Muna kai tsakiya wani saurayi a bayanmu ya yi tsalle don nishaɗi, ta durƙusa ta cusa yatsunta cikin ragar, ta runtse ido, ko kuka ta kasa. Ba damar ɗaukarta, ba damar juyawa, mutane sun yi layi a baya. Da rarrafe muka kai dandamalin da ke jikin itace. Ta fi shekara ba ta yarda ta hau gadar sama ta masu tafiya a ƙafa ba. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu.

To ku iyaye maza, ku ji ni da kyau. Kuɗin tikiti nawa ne da za ku sayi tsoron yaro da shi? In ya ce a'a, a'a ne. A bar shi da babba guda, su bi ɗan jagora yawon ƙasa. Haka ma Hajiya ko Goggo mai ciwon gwiwa ko hawan jini, domin kafin a kai gadar ma akwai hawan tudu mai sa haki. Ku kuma samari masu girgiza gada don ɗaukar bidiyo, ku ji tsoron Allah.

Sai takalmi. Mu mutanen Zango da silifa da kayan Sallah muke zuwa ko'ina. Ƙasan kurmi a jiƙe yake, ga saiwoyi, ga kwarkwasa masu tafiya a jere kamar baƙar igiya. Yaro ya tsaya a kansu minti guda, sai an tuɓe shi kafin a tsince su. Kowa ya sa kambas da safa, mata su sa wando ƙarƙashin abaya, a ɗaure mayafi kada ya maƙale a raga.

Kada kuma ka yi wa yara alkawarin giwa. Akwai giwayen kurmi a Kakum, akwai birai, amma ba gidan zoo ba ne, suna can ciki nesa da hayaniyarmu. Ka ce musu za su ga itatuwan da suka girmi kakansu, in biri ya gifta, ya zama gyara.

Ruwan sha ya fi lemo. A tafi da buta da darduma. Ledar waakye (shinkafa da wake) ta koma mota, ba gindin itace ba. Daga Afrilu zuwa Yuli kar ka yarda da hasken safiya, riƙe rigar ruwa.

Mai ƙananan yara kuwa, ni ban ga dalilin da zai fara da Kakum ba. Ga kurmin Bobiri nan kusa da Kubease a kan hanyar Accra, inda ake da malam-buɗe-littafi wajen iri 400. Can sammako ba ya da amfani, sai hantsi ya dubi ludayi suke fitowa shan rana. Nan na kai autar tawa daga baya. Ta tsuguna gefen wata 'yar laka inda suka taru, guda shuɗi ya sauka a bayan hannunta, ta ɗago a hankali tana raɗa, "Baba, kar ka motsa."