Kafin Ka Nemi Digirin Shirya Wasannin Bidiyo

Ƙanena, fara da lissafi. A shekarata ta farko lissafin kusurwoyi ne ya kusa kayar da ni. Kwana uku na yi ina fama da wani ɗan mutum a allon kwamfuta: in na ce ya yi tsalle, sai ya nutse cikin ƙasa. Ashe alamar ragi ɗaya na manta!

Sauke Godot, manhajar shirya wasanni, tun yanzu, kyauta ne, ƙaramar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. Daga baya ka koyi C++, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da shi ake aiki a Unreal, wata manhajar shirya wasanni. Jami'ar Abertay da ke Dundee a Sikotlan ta fara wannan digiri tun 1997, amma duba kuɗin makarantar tukuna. Kafin ka cike fom, kammala ƙaramin wasa guda, ko na dara ne.