Kafin ku yarda da lauya ɗaya a rabon gado

In mai gida ya rasu ya bar ɗaki biyu ko uku, ga gona ga shanu ga yara ƙanana, yawanci babban wa ko baffa ne zai ce ai ya samo wa gida lauya daga Dutse ko Kano, kowa sai ya yi gum don kar a ce shi ya raba kan 'yan uwa. To ku tambaye shi a gaban kowa: Barista, wa kake tsaya wa a cikinmu, kuma wa ke biyanka? Ba rashin kunya ba ne. Doka ta 17 a ƙa'idojin aikin lauyoyi na Najeriya ta wajabta masa ya faɗa muku alaƙarsa da kowane ɓangare tun ranar da aka ɗauke shi, ko surukin baffa ne, ko shi ya rubuta takardar cinikin filin da ake jayayya a kai.

Inda abin ya fi tsami shi ne wajen marayu. Baffa ke riƙon yaran, shi ke noma gonarsu ta fadama, shi ke sayar da shinkafar in an yi girbi, kuma shi ya kawo lauya, to ranar da uwar yaran ta ce a zo a yi lissafin buhun da aka samu shekara uku, lauyan nan bakin wa zai kama? Ba zai iya tuhumar wanda ke ba shi kuɗin mota ba, ko da mutumin kirki ne. Don haka uwa ta nemi nata daban. In ba hali akwai Legal Aid Council, suna ba marasa ƙarfi lauya kyauta.

Rabon kuwa a kai shi kotun shari'a gaban alƙali, a fara fidda kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan matan su raba tumuninsu tunda akwai 'ya'ya. Kason marayu a rubuta shi gona gona da iyakokinta, mai unguwa da maƙwabtan gona su sa hannu, kowane ɗaki ya riƙe kwafinsa, a ɗauki hoto a waya ma saboda gara.

Sai wani abu da ake yi shiru a kai, lauya ya ce a ba shi fuloti cikin filin da ake shari'a, ko ya saya a ɓoye da sunan ƙaninsa. Kar ku yarda. Kuɗin aiki a yanke shi a rubuce, ku karɓi rasit.

In kun gano yana cin tudu biyu, ku sallame shi a rubuce ku karɓi fayil ɗinku, ku kai ƙorafi reshen ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya, NBA, mafi kusa, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, da ke iya dakatar da shi ko ya soke sunansa.