Gyaran makarantar firamare a Katsina: abin da ya kamata a fara da shi

Idan kuɗin gyara suka shigo hannun kwamitin makaranta, ko daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko daga tsofaffin ɗalibai, ko daga wani mai hannu da shuni a unguwa, abin da aka fi saurin saye shi ne fentin bango da ƙofar ƙarfe. Yaron da ke bencin ƙarshe kuwa yana nan yadda yake, gumi na zuba, allo ba ya ganuwa, fitsari ya matse shi. Daga wurin zaman wannan yaro ake fara lissafi.

Kafin a kashe ko kwabo, mutum uku su zagaya makarantar: hedimasta, uwa ɗaya daga cikin kwamiti, da birkilan da aka yarda da shi. Kada su je da sanyin safiya. Su je wajen ƙarfe 12 na rana, cikin Afrilu in da hali, su zauna a layin baya na kowane aji na minti goma ana cikin darasi. Su rubuta ko rubutun allo na karantuwa, ko ana jin muryar malam, yara nawa ke gyangyaɗi, da irin warin da ke tashi. Daga nan su taka zuwa makewayi su leƙa kowane rami da idonsu.

Zafi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina da Daura kan wuce digiri 40, kuma aji mai rufin kwano ba silin ya fi waje zafi, domin kwanon na sauke zafinsa kai tsaye a kan yara. Malam zai ce ɗalibansa ba sa ganewa bayan an dawo daga tara, alhali ƙwaƙwalwarsu lafiya lau, jiki ne ya gaji. Duk wanda ya shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda aka buɗe a 1922, ya san yadda bangon ƙasa mai kauri ke riƙe sanyi. Ginin bulo da kwano ba shi da wannan, sai an taimaka masa.

Silin ne gyaran farko. Amma silin da aka rufe ruf yana tara zafi a samansa, don haka a bar kafofin iska a kusurwar bangon da ke ƙarƙashin rufi, gefe biyu, a sa musu raga mai ƙananan ido. In ba raga, jemagu za su tare, kashinsu ya taru har silin ya ɓurma, warin kuma ya hana zama. Tsohon silin asbesto kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi yara na nan, ƙurarsa na lahanta huhu. In kuma lallai sai an sayi fenti, a shafa fari a bayan kwanon, domin farin rufi na mayar da hasken rana, ɗakin ya rage zafi.

Sai tagogi. Aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8 yana son faɗin tagoginsa gaba ɗaya ya kai kashi ɗaya cikin biyar na daɓen, wato kamar taga takwas mai mita 1.2 kowane gefe, huɗu a bango ɗaya, huɗu a wanda ke fuskantarsa, don iska ta shiga ta fita. Kuskuren da ake yawan yi shi ne toshe tagogin baya da bulo saboda ɓarayi. Ajin ya koma rumbu, ga duhu ga numfashin yara tamanin, kuma a irin wannan cunkoso sanƙarau, ƙyanda da mashaƙo suka fi saurin yaɗuwa. A sa sandunan ƙarfe, a bar tagar. Idan sabon gini za a yi, tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, bakin rufi ya fito aƙalla santimita 60, yadda hantsi da ranar yamma ba za su faɗo kan littattafai ba.

A duba ɗaurin rufi cikin Afrilu, kafin hadarin farko. Iskar farkon damina daga gabas take tasowa, kuma rufin da ƙusa kaɗai ke riƙe da katakonsa shi take yayewa. A ɗaure kowane katako da langalanga a cikin bango, a shafa masa maganin gara.

Itace shi ne gyaran da ya fi araha, shi ne kuma ya fi mutuwa a hannun makarantu. Bedi ya fi jure ƙasarmu, maɗaci na da inuwa mai kyau amma yana da jinkirin girma. A dasa cikin Yuli bayan ruwa ya zauna, a rami mai zurfin santimita 60 da aka cakuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki, nesa da gini da mita 6 zuwa 8 don kada saiwa ta tsaga daɓe. A fi yawaita su ta gabas da yamma. Abu biyu ke kashe dashe, awaki da ranin farko. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko tsofaffin bulo, a danƙa shi ga aji ɗaya da sunansu, a riƙa ba shi bokitin ruwa sau biyu a mako daga Nuwamba har ruwa ya sauka.

Gani, ji da wurin zama

Allon da ya koɗe ko yake ƙyalli yana sa yaro ya kwafi abin da bai gani ba. A shafa fentin allo marar sheƙi sau biyu, a bar shi ya bushe kwana biyu. A daina shafa baƙin cikin batir, yana ɓata hannu da tufafi kuma ba abin taɓawar yara ba ne. Layin farko ya yi nisan mita 2 daga allo, harafin malam kuma kada ya gaza santimita 5. Yaron da kullum yake ƙanƙance ido ko yake kwafa daga littafin maƙwabcinsa a dawo da shi gaba, a gaya wa iyayensa su kai shi a duba idonsa. Sauran kuma a riƙa juya layuka duk mako, kada baya ta zama mazaunin wasu har shekara ta ƙare.

Bangon da ke tsakanin azuzuwa ya kai har rufi. Idan ya tsaya a tsayin silin, haddar da aji biyu ke rerawa za ta cika aji uku.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Inda aji ya kai 100, kowane yaro rabin murabba'in mita yake samu, malam ba ya ma iya ratsawa ya duba littafi. Kafin a sami sabon gini, rumfa mai kyau a ƙarƙashin inuwa, da allo da tabarmi, ta fi wannan matsi. Wajen benci kuwa, kada a ba kafinta awo ɗaya. Na 'yan aji ɗaya tsayinsa kamar santimita 30, na 'yan aji shida kamar 38, ma'aunin dai tafin ƙafar yaro ya taka ƙasa. A haɗa shi da noti, domin ƙusa na kwancewa cikin zango biyu ta yaga riga ko cinya. Daɓen da ke fashewa ya zama ramuka kuwa ƙarancin siminti ne da rashin ban ruwa. Buhu ɗaya na siminti, kwanon lebura huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kaurin santimita 10, a yi ta jiƙa shi kwana bakwai. Aikin dogon hutu ne.

Ruwa da makewayi

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo ita ce lita 5 ga kowane mutum a rana. Makaranta mai yara 400 na bukatar lita 2,000, jarka 80 ke nan mai lita 25. Inda ba famfo, a sa randa mai murfi a kowane aji, da moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kaɗai, kowane yaro ya zo da kofinsa. A wanke randar duk ranar Juma'a.

Makewayi shi ke yanke wa yarinya 'yar aji biyar ko shida hukuncin zuwa makaranta ko zaman gida, musamman idan ta fara al'ada. Ƙa'idar ita ce rami ɗaya ga 'yan mata 25, rami ɗaya da wurin fitsari ga maza 50. Na mata ya kasance daban, ƙofarsa kada ta kalli filin wasa ko ajin maza, da sakata ta ciki mai aiki, da buta, da bokiti mai murfi. A damƙa wa malama ɗaya audugar mata da sabulu, 'yan mata su san wurinta za su je ba sai sun yi bayani a ofis ba. Ramin ya yi nisan mita 30 daga rijiya ko burtsatse. A ƙasa mai rairayi irin ta Daura da arewacin Katsina sai an gina cikinsa da bulo, in ba haka ba damina ɗaya za ta rufta da shi. Bututun fitar da wari ya kai faɗin inci 4, ya ɗara rufi da rabin mita, a ɗaure masa raga a baki don ƙudaje. Sau da yawa za a tarar an gina makewayi mai kyau an garƙame shi da kwaɗo, mabuɗi na aljihun wani, yara na zagayawa bayan aji. A buɗe shi tun kafin asambuli har a tashi. A bakinsa a rataye galan mai lita 5 da aka huda, da sabulu ko toka.

Katanga na da muhimmanci inda babura da dabbobi ke ratsa fili, kuma tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 iyaye na tambayarta da farko. In za a yi ta, a bar mafita biyu.

Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi. Bulala a bakin ƙofa ba ta rage makara, tana sa wanda ya makara ya laɓe a lungu har a tashi, kuma galibi yarinyar da ta tsaya ɗebo ruwa ce ko yaron da ya kai niƙa. A rubuta sunan mai makara, in ya kai sau uku a kira uba ko uwa a ji dalili. Shara da wankin makewayi kada su zama horo, su zama jeri da kowane aji ke karɓa, maza da mata. A ja igiya a bangon aji a riƙa rataye rubutu da zanen yara, ana sauyawa duk mako biyu, har na wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya hau.

Daga kowane kuɗin da ya shigo a ware kashi ɗaya cikin goma don ƙananan gyare-gyare, sakata, raga, sabulu, robar famfo. A buɗe littafi guda a ofishin hedimasta, duk abin da ya lalace a rubuta ranar da aka gani da ranar da aka gyara, kwamiti ya karanta shi a zamansa na farkon kowane zango. Kafin a tafi kowane hutu kuma a rubuta sunan wanda zai riƙa ba dashe ruwa da wanda zai riƙe mabuɗin famfo.