Yadda tsohon sojan Amurka ke neman lambar Purple Heart da gyaran takardun aikinsa

Sau da yawa abin yakan faru ne kamar haka: nakiya ta tashi a gefen hanya a Iraƙi ko Afganistan, ɓarɓashin ƙarfe ya shige wa soja a cinya, ma'aikacin jinya na rundunar ya ciro shi a bayan mota ya ɗaure wurin, kowa ya koma bakin daga ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Sai bayan shekara goma ko ashirin mutumin ya duba takardar sallamarsa, wadda ake kira DD 214, ya tarar babu lambar Purple Heart, wadda ake ba sojan da abokan gaba suka ji wa rauni ko suka kashe, a cikin jerin lambobinsa, alhali ga tabo a jikinsa. Ana iya gyara wannan, amma dole mai nema ya sani tun farko cewa hukumomin soja da takarda suke aiki, kuma tabo kaɗai ba ya faɗin wanda ya yi raunin, ko ranar da aka yi shi.

Asalin lambar daga George Washington ne, wanda ya ƙirƙiro wata alamar girmamawa ranar 7 ga Agusta, 1782, a Newburgh ta jihar New York. An manta da ita tsawon lokaci har aka farfaɗo da ita ranar 22 ga Fabrairu, 1932. Ta bambanta da lambobin jarumta, domin waɗancan sai kwamanda ya ga bajinta ya ba da shawarar a bayar, ita kuwa haƙƙi ce ga duk wanda ya cika sharuɗɗanta, shi ya sa tsufan lamari ba ya rufe ƙofar nemanta.

Sharuɗɗan uku ne, kuma sai sun haɗu. Raunin ya kasance daga aikin abokan gaba, ya kai matsayin da yake buƙatar kulawar likitan soja, sannan an shigar da wannan kulawa a cikin takardun hukuma. Kalmar buƙata tana da nauyi a nan, domin ƙujewar da aka shafa wa magani aka manna filasta ba ta isa ba, ko da a tsakiyar artabu aka same ta. Idan ma'aikacin jinya ne kaɗai ya duba mutum saboda babu likita a kusa, ƙa'idar sojan ƙasa, wato AR 600-8-22, ta yarda da hakan muddin wani likitan soja ya rubuta a fayil cewa raunin ya kai a ce likita ne ya yi aikin da yana wurin.

Ma'anar aikin abokan gaba ta yi ta faɗaɗa. A 1984 Shugaba Reagan ya shigar da harin ta'addanci na ƙasa da ƙasa da aikin kiyaye zaman lafiya, a 1993 doka ta shigar da wanda wutar 'yan'uwansa ta samu bisa kuskure yayin da ake fafatawa da abokan gaba, sannan a 2015 aka ba sojojin da harin 2009 a sansanin soja na Fort Hood da ke jihar Texas ya rutsa da su bayan majalisa ta sauya doka. Ba sai an ayyana yaƙi a hukumance ba, don haka kwanton ɓauna irin na Tongo Tongo a Jamhuriyar Nijar, inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da takwarorinsu na Nijar ranar 4 ga Oktoba, 2017, yana cikin abin da ƙa'idar ta ƙunsa. Abubuwan da ba sa ciki kuwa sun haɗa da bugun zafin rana, ruɓewar ƙafa saboda daɗewa a jiƙe, gubar abinci da haɗarin mota waɗanda babu hannun abokan gaba a cikinsu, da ciwon firgicin bayan yaƙi da ake kira PTSD. Wannan na ƙarshe yana yi wa mutane da yawa ciwo, kuma a ganina suna da hujjar jin haka, sai dai neman lambar da shi kaɗai ɓata lokaci ne. Hanyarsa ita ce neman diyyar nakasa a ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, VA.

Inda aka fi samun taƙaddama a zamanin nan shi ne girgizar ƙwaƙwalwa daga ƙarfin fashewar bam, raunin da ba ya zubar da jini. Sojan ƙasa na amincewa da shi idan mutum ya suma, ko kuma likita ya hana shi cikakken aiki na fiye da awa 48 saboda alamun ciwon sun ƙi tafiya. Hutun da ake tilasta wa kowa bayan fashewa don rigakafi ba ya shiga wannan lissafi. Wanda yake da irin wannan matsala ya nemi rubutun da aka yi a kwanakin farko, inda aka ambaci jiri, amai, ciwon kai ko mantuwa, domin sakamakon gwajin da aka yi bayan shekaru ba kasafai yake gamsar da masu dubawa shi kaɗai ba.

Matakin farko a aikace shi ne karɓo fayil ɗin aiki da na asibiti. Ana cike fom SF 180 a aika wa cibiyar adana takardun ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, ko a nema ta intanet, kuma tsohon soja ko magajinsa na kusa ba ya biyan kuɗi a mafi yawan lokuta. Masu nema wa uba ko kaka su san da gobarar 12 ga Yuli, 1973, wadda ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18 a wannan cibiya, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Amsar da ta ce fayil ya ƙone ba ita ce ƙarshen magana ba. Akwai rahoton safiya da kowane kamfanin soja yake rubutawa kullum a wancan zamani, kafin a daina a 1974, wanda ke nuna wanda aka kai asibiti da ranar da aka kai shi, akwai katunan kwantar da majiyyata na ofishin babban likitan soja na lokacin yaƙin duniya na biyu da yaƙin Koriya, akwai kuma jerin sunayen waɗanda suka ji rauni a Vietnam. Wasiƙar tangaraho da aka aika wa iyali, ko labarin jaridar garinsu na wannan makon, su ma suna ƙara ƙarfi.

Idan fayil ya nuna an riga an ba da umarnin lambar, mantawa kawai aka yi ba a rubuta a DD 214 ba, gyaran mai sauƙi ne, kuma yawanci da takardar ƙari mai suna DD 215 ake yin sa. Idan kuwa ba a taɓa bayarwa ba, sai a fara da ofishin lambobi na rundunar da mutum ya yi wa aiki. Na sojan ƙasa yana Fort Knox a jihar Kentucky. Za a so bayani na shafi ɗaya, takardun da ke nuna mutum yana wurin a ranar, rubutun asibiti na lokacin kamar fom SF 600, rahoton raunuka idan akwai, da bayanin shaidu biyu da suka gani da idonsu. Kowane shaida ya rubuta da kalmominsa, ya faɗi inda yake tsaye, abin da ya gani, da wanda ya yi jinyar, sannan ya sa hannu. Takardu biyu masu kalmomi iri ɗaya sak suna sa mai dubawa zargin cewa mutum ɗaya ne ya rubuta su.

Sai an ƙi a wannan mataki ake zuwa hukumar gyaran takardun soja, domin ba ta sauraren wanda bai bi ta ƙananan ƙofofi ba. Sojan ƙasa na da tasa, sojan sama na da tasa, sojan ruwa da rundunar Marine suna tarayya a ɗaya, kuma duka da fom DD 149 ake shigar da buƙata. Kada a rikita shi da DD 293, wanda na sake duba nau'in sallama ne cikin shekara 15. Doka ta ba da shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, amma hukumar na da ikon yafe jinkiri saboda adalci, don haka wanda ya makara ya rubuta dalilinsa a fili, kada ya bar gurbin babu komai. Hukumar tana farawa ne da ɗaukar cewa abin da ke cikin fayil daidai ne, ba ta kuma fita ta yi wa kowa bincike, kuma galibi a kan takarda take yanke hukunci ba tare da ta ga mai nema ba. Saboda haka a faɗi ainihin gyaran da ake so, da rana da wuri, a jera hujjoji da lamba, a aika kwafi a riƙe na asali. Amsa kan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara. Wanda aka ƙi yana iya neman a sake dubawa idan ya samo sabuwar hujja, ko ya je kotun tarayya, inda wa'adin shekara shida ke aiki.

Ba lallai ne a ɗauki lauya ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion, VFW da DAV suna da jami'an da ke taimakawa kyauta, ofishin ɗan majalisar tarayya na mazaɓar mutum kuma yana iya bin sawun takardar da ta maƙale. Wahalar tana da riba a zahiri, domin mai lambar yana shiga rukuni na 3 na fifiko a asibitocin VA, yana samun ƙarin maki goma a neman aikin gwamnatin tarayya, kuma wanda ya samu lambar daga 11 ga Satumba, 2001 zuwa yau yana da cikakken tallafin karatu ko da bai daɗe a aiki ba. Idan sojan ya rasu, matarsa ko ɗansa ko wani magaji na kusa zai iya cike DD 149 a madadinsa, ya haɗa da takardar shaidar mutuwa da hujjar dangantakarsu.